Masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira: Tarihin Ginin da Farfajiyarsa

Masallacin Ibn Ɗulun yana unguwar Sayyida Zainab, kudu da tsakiyar tsohon birnin Alƙahira, a kan wani tudun dutse da ake kira Jabal Yashkur. An kafa harsashinsa a shekarar 876 Miladiyya, aka kammala shi a 879, wato watan Ramadan na shekarar 265 bayan Hijira, kamar yadda yake rubuce a allon marmara da ke manne a jikin ɗaya daga cikin ginshiƙansa har yau. Duk faɗin Masar babu masallacin da ya kai shi daɗewa a kan siffarsa ta asali. Masallacin Amr bin As da ke Fusɗaɗ ya girme shi da shekara fiye da 230, amma an sha rushe shi ana sake ginawa ana faɗaɗawa, har ba abin da ya rage na ginin farko. Masallacin Azhar ƙanensa ne da shekara 90 da 'yan kai, shi ma sarakuna sun yi ta jingina masa makarantu da hasumiyoyi har kamanninsa suka sauya. Na Ibn Ɗulun kuwa garin da aka gina shi dominsa ne ya mutu da wuri, jama'a suka watse, saboda haka bukatar faɗaɗa shi ba ta taɓa tasowa ba. Mutuwar garin nan ita ce ta tsare masa siffarsa.

Mai ginin da garinsa

An haifi Ahmad bin Ɗulun a Bagadaza a shekarar 835. Mahaifinsa, Ɗulun, Baturke ne daga tsakiyar Asiya, yana cikin bayin da gwamnan Bukhara ya aika wa Halifa Ma'amun, ya kuma ɗaukaka a cikin dogaran fada. Shekara guda bayan haihuwar Ahmad, Halifa Mu'utasim ya tashi daga Bagadaza ya kafa sabuwar hedkwata a Samarra, a bakin kogin Dijla, domin ya raba sojojinsa Turkawa da mutanen gari. A Samarra yaron ya tashi. Can ya koyi aikin soja, ya yi karatun addini, ya kuma ga Halifa Mutawakkil yana gina babban masallacin garin da jan bulo, da hasumiyarsa mai murɗaɗɗiyar matakala wadda ake kira Malwiya, mai tsawon mita 52. Abin da idonsa ya saba da shi a ƙuruciya shi ne ya ɗauko ya kawo bakin kogin Nilu.

Ya shiga Masar a shekarar 868 a matsayin wakilin mijin mahaifiyarsa, wanda halifa ya bai wa mulkin ƙasar amma bai bar Iraƙi ba. A lokacin daular Abbasiyawa tana cikin ruɗani, ga rikicin fada, ga tawayen Zanj da ya ɓarke a kudancin Iraƙi a 869 ya ɗauki shekara 14 bai mutu ba. Ibn Ɗulun ya yi amfani da wannan dama. Ya ture jami'in haraji Ibn Mudabbir, ya riƙe baitulmali a hannunsa, ya tara runduna ta kansa ta Turkawa da baƙaƙen fata da Rumawa, sannan a 878 ya haɗa da ƙasar Sham. Bai daina ambaton halifa a huɗuba ba, amma dukiyar Masar ta daina kwarara zuwa Iraƙi kamar da, ta tsaya gida ana aiki da ita.

Fusɗaɗ da maƙwabciyarta Al'askar sun yi wa wannan runduna kaɗan. A 870 ya yanki fili a arewa maso gabas da su, ya kafa gari mai suna Alƙaɗa'i. Ma'anar sunan ita ce yankunan fili da aka raba, domin kowace ƙungiyar soja da kowane rukunin bayin fada an yanka musu unguwarsu. Ya gina fada a gindin dutsen Muƙaɗɗam, da filin sukuwa da faretin soja, da asibitin da ake duba talakawa kyauta, da doguwar hanyar ruwa ta bulo. Masallacin Juma'a shi ne ya zo daga baya ya cike aikin. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ce an kashe dinari 120,000 a kansa.

Asalin masallaci mai farfajiya

Tsarin da aka bi tsoho ne, tushensa yana Madina. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda aka gina a shekarar 622, fili ne da aka kewaye da katangar tubalin ƙasa, aka yi rumfa a gefen alƙibla da kututturen dabino, aka rufe da ganyensa. Daga nan garuruwan sansani irin su Basra da Kufa da Fusɗaɗ suka ɗauka, sannan Dimashƙ da Ƙurɗuba da Ƙairawan suka ƙawata shi da dutse da marmara. Ko'ina abu uku ne ba sa sauyawa: katanga mai kusurwa huɗu, rumfa mai faɗi a gefen alƙibla, da buɗaɗɗen fili a tsakiya wanda Larabawa ke kira sahn.

Wannan farfajiya aiki take yi. Ranar Juma'a, in rumfa ta cika, sahu yana fitowa cikinta. Ita ke ba rumfuna haske da iska a ƙasashen zafi, a zamanin da fitilar mai kaɗai ake da ita. A inuwar gefenta malamai ke zama da ɗalibai, alƙalai su yi shari'a, a karanta sanarwar sarki, baƙo ya kishingiɗa ya huta. A Dimashƙ har ɗakin ajiyar dukiyar jama'a aka ɗora a kan ginshiƙai a cikin farfajiyar. Matsayinta a gari kamar na tsakar gida ne a gida: ɗakuna suna kewaye, amma rayuwa a tsakiya take gudana.

Siffar ginin

Masallacin da harabarsa sun ci fili kimanin murabba'in mita 26,000, kusan eka 6 da rabi. Mai zuwa daga titin Saliba ba ya faɗawa cikinsa kai tsaye. Da farko zai shiga wani dogon fili mai faɗin kusan mita 19, tsakanin katangar waje da bangon masallaci. Ana kiransa ziyada, wato ƙari, kuma ya kewaye ginin ta gefe uku, ban da gefen alƙibla. Daga Samarra aka kwaikwayo shi. Amfaninsa shi ne ya raba hayaniyar kasuwa da wurin ibada, kamar yadda zaure ke raba titi da cikin gida. A zamanin Ibn Ɗulun titunan gari suna ƙarewa ne a ƙofofin katangar waje. A bayan masallacin aka ajiye wurin alwala, da ɗakin magunguna inda likita ke zama kowace Juma'a saboda wanda ciwo zai kama a cikin taro. A gefen alƙibla kuma akwai gidan gwamnati manne da bango, da ƙofa kusa da mumbari, ta inda mai mulki ke shigowa ba tare da ya keta sahu ba.

Daga ziyada sai a hau 'yan matakala a bi ta ƙofa, a ratsa inuwar rumfa, a fito farfajiya. Murabba'i ce, kowane gefe kimanin mita 92. Babu bishiya, babu ado a ƙasa, sai fili da sararin sama da ƙubba guda a tsakiya. Ta kowane gefe bakuna 13, wato ƙofofi masu lanƙwasa a sama, ne suke kallon filin, girmansu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Rumfar alƙibla tana da layin bakuna 5, sauran gefe ukun kuma layi bibbiyu. Kyan wurin yana cikin wannan maimaici da daidaiton awo. Da hantsi inuwar bakunan tana kwance a gefe guda, da la'asar ta koma ɗaya gefen, jikin bangon kuma ya sauya daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa mai ɗan ja. Ƙarar motocin Alƙahira, wadda ba ta yankewa dare da rana, a nan da ƙyar ake jin ta.

Babban abin da ya bambanta ginin da masallatan Masar na gabaninsa shi ne kayan da aka yi shi da su. Al'adar lokacin ita ce a kwaso dogayen ginshiƙan marmara daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da coci-coci a jera. A nan ba a yi haka ba. An gina ginshiƙai 160 da ƙonannen jan bulo, kowanne mai kusurwa huɗu, mai kauri, aka fitar da siffar siririn ginshiƙi a kowace kusurwa don ido ya ga kamar ba su da nauyi, sannan aka shafe su da farin yaɓe mai kama da alli. Marubutan tarihi sun ruwaito cewa Ibn Ɗulun ya nemi ginin da zai tsira in gari ya ƙone, ya kuma tsaya in ambaliya ta zo, sai aka ba shi shawarar bulo da toka da farar ƙasa, domin marmara ba ta jure wuta. Sun kuma ruwaito cewa an ce masa aikin zai ci ginshiƙi 300, waɗanda ba za a samu ba sai an ɓalle na coci-coci, ya ƙi yarda, har wani magini Kirista da ke tsare a kurkuku ya aiko cewa zai iya ginawa ba da su ba. Masu binciken gini na zamani suna ganin dalilin ya fi haka sauƙi: ginshiƙin bulo da yaɓe salon Samarra ne, ana ganinsa a masallacin Abu Dulaf da aka gina can kusan shekara 15 kafin wannan.

Bakunan da ke kan ginshiƙan masu tsini ne a ka. Magina Hausa suna kiran irin wannan lanƙwasa bakan gizo, sai dai nasu da azara da ƙasa ake ɗaura shi, wannan kuwa bulo ne zalla. Baka mai tsini yana sauke nauyi ƙasa fiye da mai zagaye, bai cika tura bango gefe ba. An riga an yi amfani da shi a Masar, a ma'aunin ruwan Nilu na tsibirin Rauda da aka gina a 861, amma wannan masallaci yana cikin manyan gine-gine na farko da aka yi su gaba ɗaya da shi, shekara fiye da 250 kafin maginan Turai su rungume shi a manyan coci-cocinsu. Tsakanin kowane baka biyu, a saman ginshiƙi, an huda ƙaramar taga mai siffar baka, wadda ke rage nauyi tana kuma barin iska da haske su ratsa. Rufin asali da kututturen dabino aka yi shi, aka lulluɓe da allunan katako.

Ado da rubutu

Adon masallacin bai cika ido daga nesa ba, sai an matso. Gefen kowane baka yana da ɗamarar zane da aka sassaƙa a jikin yaɓe, ta bi lanƙwasar ta sauko, ta miƙe ta haye ginshiƙi, ta sake hawa baka na gaba, ba yankewa. A cikin cikin wasu bakunan, musamman na gefen kudu maso yamma, zanen asali yana nan: ganyen inabi da aka sauƙaƙa siffarsa har ya kusa ɓacewa, an saƙa shi cikin da'ira da taurari da layuka masu shiga juna, kuma kowane baka da nasa zanen. A saman wasu ƙofofi akwai katako da aka sassaƙa da salon Samarra na yanka a karkace, inda zane ke haɗuwa da zane ba a bar fili a tsakani ba. A nan ake ganin ɗaya daga cikin misalan farko na irin adon nan na ganye da lissafi wanda daga baya ya mamaye gine-ginen Musulmi daga Andalus zuwa Indiya.

A saman bango akwai tagogi 128, kowace an toshe ta da ragar yaɓe mai zanen lissafi, rana tana ratsowa ta zuba zanen a ƙasa. Kaɗan ne daga cikinsu na zamanin Ibn Ɗulun, ana gane su da zanen da'irori masu shiga juna, sauran na gyare-gyaren baya ne. Ƙarƙashin rufi kuma wani siririn allon katako ya kewaye rumfunan, tsawonsa in an haɗa ya kai kimanin kilomita 2, ɗauke da ayoyin Alƙur'ani cikin rubutun Kufi mara ɗigo mara wasali. Mutanen unguwar sun daɗe suna cewa katakon daga jirgin Annabi Nuhu ne, domin a tatsuniyarsu a kan tudun Yashkur jirgin ya tsaya. A can ƙololuwar bango, inda magini Bahaushe zai sa rawani da zankwaye, an jera wani ado na bulo mai huji-huji wanda in an kalle shi ta fuskar sama sai a ga kamar mutane ne a sahu kafaɗa da kafaɗa.

Faɗuwar Alƙaɗa'i

Ibn Ɗulun ya rasu a 884, shekara 5 bayan buɗe masallacin. Ɗansa Khumarawaihi ya gaje shi, ya yi facaka da dukiya, musamman a auren 'yarsa Ƙaɗrun Nada da Halifa Mu'utadid, aka kashe shi a 896. A shekarar 905 rundunar Abbasiyawa ƙarƙashin Muhammad bin Sulaiman ta ƙwace Masar, ta ƙone Alƙaɗa'i, ta baje fadar har ƙasa. Masallacin kaɗai aka bari, saboda ɗakin Allah ne. Daular ta yi shekara 37 kacal.

An ci gaba da salla a cikinsa. Faɗimiyawa, waɗanda suka kafa Alƙahira a 969, sun kula da shi gwargwado. Ƙubbar farko ta tsakiyar farfajiya, mai ruwan zinariya a kan ginshiƙan marmara, da maɓuɓɓugar ruwa a ƙarƙashinta don ado, ta ƙone a 986, Halifa Aziz ya sa aka gina wata. Waziri Badr Aljamali ya yi gyara a 1077, ɗansa Al'afdal kuma ya ƙara wani mihrabi na yaɓe mai kyan zane a jikin ginshiƙi a 1094. Amma yunwar da aka yi ta shekara 7 a zamanin Halifa Mustansir, daga 1065 zuwa 1072, ta riga ta ƙarasa unguwannin da ke kewaye, suka zama kufai. Lokacin da matafiyin Andalus, Ibn Jubair, ya zo a 1183, ya tarar Sarki Salahuddin ya mayar da masallacin masaukin baƙi 'yan Magrib, suna kwana a ciki suna karatu, ana ba su abin masarufi. Daga baya ayarin alhazai suka riƙa sauka a farfajiyar da raƙumansu da kayansu, ginin yana ta lalacewa.

Gyaran Sarki Lajin

A ƙarshen 1293 wasu manyan sojojin Mamluk suka kashe Sarki Ashraf Khalil. Ɗaya daga cikinsu, Husamuddin Lajin, ya gudu ya ɓuya a wannan kangon masallaci, inda ba mai zuwa. A can ya yi bakance cewa in Allah ya kuɓutar da shi ya ɗaukaka shi, zai raya wurin. Ya kuɓuta, ya hau gadon mulki a 1296, kuma ya cika alkawari. Ya ɗora aikin a hannun Amir Sanjar Addawadari, aka kashe dinari 20,000, aka tsayar da waƙafi don ɗaukar nauyinsa. Aka buɗe darussan fiƙihu na mazhabobi huɗu, da tafsiri, da hadisi, da ilimin likitanci, da makarantar allo ta marayu.

Ƙubbar da ke tsakiyar farfajiya yanzu ta Lajin ce. Gindinta murabba'i ne na dutse mai ƙofa huɗu, ya hau mataki-mataki har ya koma zagaye, a ciki kuma akwai kwamin alwala mai kusurwa 8. Da wannan ne alwala ta baro bayan gini ta shigo tsakiya. Shi ya gyara babban mihrabi, ya sa masa marmara da ɗamarar ƙananan gilasai masu launi, ya ɗora ƙubbar katako a samansa. Shi ya kuma sa aka yi mumbarin da ke gefensa, na ƙananan allunan katako sassaƙaƙƙu da aka harhaɗa cikin zanen taurari. A ƙarni na 19 an ɓalle da yawa daga cikin allunan nan aka sayar, wasu suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Hasumiyar tana cikin ziyada, a gefen da ke fuskantar alƙibla daga nesa, wata 'yar gada ta haɗa ta da rufin masallaci. Tsawonta kimanin mita 40. Ƙasanta murabba'i ne, tsakiyarta zagaye, samanta mai kusurwa 8, matakalarta kuma ta waje take, tana naɗe jikinta. Babu irinta a Masar. Ana ba da labarin cewa Ibn Ɗulun, wanda ba ya son a gan shi yana wasa, wata rana ya shagala yana naɗe takarda a yatsa, da ya lura ana kallonsa sai ya ce wa magini haka yake son hasumiyar. Amma duk wanda ya san Malwiya ya san inda siffar ta fito. Ita wannan ta dutse ce, ba bulo ba, kuma tagoginta na ado masu siffar kofaton doki salon Andalus ne. Saboda haka yawancin masana suna ganin an sake gina ta a zamanin Lajin bisa siffar ta farko, wataƙila da hannun maginan da suka yi hijira daga Andalus.

Daga kango zuwa yau

Bayan Mamlukawa masallacin ya sake shiga wani hali. A ƙarni na 18 an yi masaƙar ɗamarar ulu a cikinsa. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 aka mayar da shi gidan gajiyayyu, aka toshe bakunan da bango aka yanka ɗakuna. Kwamitin kula da gine-ginen tarihi na Larabawa, wanda aka kafa a Masar a 1881, shi ne ya karɓe shi, ya rushe ɗakunan, ya kwashe gidajen da suka cinye ziyada, ya sake rufi. Aikin ya ɗauki shekaru, ya yi ƙarfi a zamanin Sarki Fu'ad. A 1979 Hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya, har da shi, sannan hukumar kayan tarihi ta Masar ta yi wani babban gyara a farkon shekarun 2000. Hotonsa ne ke jikin takardar kuɗi ta fam 5 ta ƙasar.

Har yanzu ana salla a rumfar alƙibla, kuma ƙofa a buɗe take ga maziyarta. Mai shiga yana cire takalmi, ko masu gadi su ɗaura masa rigar ƙyalle a kansu. A jikin katangar waje akwai tsofaffin gidaje biyu na zamanin Usmaniyawa da aka haɗa suka zama gidan tarihi na Gayer-Anderson, ta ɗaya gefen kuma makarantar Sargatmish ta 1356 ta jingina da ziyada. Wanda ya hau hasumiya zai hango ganuwar Salahuddin da masallacin Muhammad Ali a kan tudu, da na Sarki Hasan a ƙasansa, da dutsen Muƙaɗɗam, in sama ta washe har da dalar Giza. Daga can ne kuma tsarin ginin ke fitowa fili a kallo ɗaya: katangar waje, ziyada, rufin rumfuna, farfajiya, ƙubba, murabba'i cikin murabba'i. Tsohuwar Samarra, wadda aka kwaikwayo, ta zama kufai bayan halifofi sun koma Bagadaza a 892, masallatanta ba rufi, yawancin adonsu ya zube. Saboda haka masu nazarin ginin Abbasiyawa na ƙarni na 9 Alƙahira suke zuwa, domin a nan ne salon ya rage a tsaye da rufinsa da zanensa da masu salla a cikinsa.